Ɗakin Ƙasa a Gidan Bulo

Shekarun baya masu nisa, tun Gumel tana ƙarƙashin jihar Kano, ni kuma ina ƙaramin malamin firamare a Gagarawa mai keke ɗaya da wando biyu, an yi wani gini a gidanmu wanda har yau in na ga ana kwaɓa ƙasa sai ya faɗo mini a rai. Kwanan nan wani ya tambaye ni wai tsakanin ginin bulo da na ƙasa wanne ya fi. Na buɗe baki zan ba shi amsa irin ta tsofaffin malamai, sai na ga ba amsar baki ba ce. Na ce masa ya bari, zan rubuta.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu, ni da yayana, sai ƙannenmu mata da duk suna gidajen mazajensu. Mahaifina ɗan kasuwa ne, fata yake saye a kasuwar Maigatari yana kaiwa Kano, har ƙarfi ya fara ƙarewa ya zauna a gida. Yayana kuwa aikin gwamnati yake yi a Kano. A tsakiyar shekarun saba'in, lokacin da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan da kowa ya ruga ya sayi rediyo da babur, shi bai saya wa kansa komai ba. Ya zo gida ya durƙusa ya ce yana neman izini ya rushe tsohon gidanmu na ƙasa, ya gina wa iyayenmu na bulo da rufin kwano.

Kada kowa ya ga laifinsa. A wancan zamanin babu abin da ɗa zai yi wa iyayensa da ya kai wannan. Gidan ƙasa wahala gare shi. Kowace shekara sai an yi yaɓe kafin ruwa ya sauka, a gyara indararo, a toshe inda ya tsage, kuma duk da haka in damina ta yi nisa sai ka ga an jera kwanuka a tsakar ɗaki ana tarar yoyo. Mahaifina ya sa masa albarka. Ni kuwa na fi kowa zumuɗi. Ranar da aka buga kwano na tsaya a ƙofar gida na riƙe ƙugu ina amsa gaisuwar mutane kamar ni na sayi simintin, alhali ko ƙusa ɗaya ban kawo ba.

Ƙasar tsohon gidan aka kwashe aka jibge a kangon bayan gida. Darbejiyar da ke tsakar gida ma aka sare ta, saboda ta shiga layin sabbin ɗakuna.

Da bazarar farko ta zo, gidan ya nuna mana halinsa. Bangon bulo siriri ne, tun hantsi yake ɗaukar zafi, kwano kuma ya ƙara daga sama. Ko bayan la'asar in ka jingina da bango sai ka matsa. Lantarki bai iso unguwarmu ba balle a yi zancen fanka. Mu maza da sauƙi, muna iya ficewa gindin bishiya ko masallaci. Mahaifiyata ce abin ya fi taɓawa. Tana da ciwon kai mai tsanani wanda zafi ke tayarwa, idanunta su yi ja, jijiyar goshinta ta tashi, wani lokaci har haɓo ya ɓalle mata. Amma ko sau ɗaya ba ta ce gidan yana da aibu ba. Ɗanta na fari ne ya gina, wanda ko sunansa ba ta faɗa don kunya, ina za ta iya kushe abin da ya yi mata?

Sai ta samo dabararta. In ta gama aikin safe ta ɗora abincin rana, sai ta yafa mayafi ta tafi gidan yayarta a tsohuwar unguwa, inda har lokacin soron ƙasa ne mai kauri. Can take wuni, sai rana ta yi sanyi ta dawo. Mutane suna yabon zumuncinsu. In na zo hutun ƙarshen mako na tambaya tana ina, mahaifina yakan yi murmushi ya ce, "Innarka ta tafi ofis, sai an tashi."

Haka aka yi bazara biyu. A ƙarshen damina ta gaba mahaifina ya kwanta. Ciwon ciki ne da ya ƙi jin magani, na gida da na asibiti. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Yayana ya kai shi Kano, likitoci suka yi abin da za su yi, daga baya suka ba da magani suka ce a mai da shi gida a riƙa kula da shi. Duk mun gane abin da hakan yake nufi, amma babu wanda ya furta.

Wata Asabar bayan an gama girbi na iso daga Gagarawa, na jingine keke, na same shi a zaure kan tabarma an tokare masa baya da matashi. Na gaishe shi zan wuce ciki, ya ce, "Malamin makaranta, zauna tukuna."

Na zauna.

Ya ce, "Ɗaki nake so a gina mini. Guda ɗaya, a kusurwar can inda rana ba ta daɗewa. Na ƙasa. Bango mai kauri, rufin azara, taga ƙarama."

Na ɗauka zafin ciwo ne ya sa shi kewar tsohon gida. Na ce, "Baba, in ɗaki ne ai da bulo ya fi sauri. Kafin ka ce me an gama. Sai a sa masa silin mai kyau, a buɗa tagogi. Ginin ƙasa fa sai ya ci watanni."

Ya dube ni na ɗan lokaci. Sannan ya leƙa ƙofar cikin gida ya tabbatar babu mai zuwa, ya rage murya.

"Ba nawa ba ne," in ji shi. "Ni na san jikina. Rai na Allah ne, amma ba na jin zan ga damina. To in Ya karɓi abinsa a farkon bazara, a ina innarka za ta yi takaba?"

Wallahi tunanin bai taɓa zuwa mini ba. Mace mai takaba ba ta barin gidan mijinta wata huɗu da kwana goma. Babu zuwa gidan yayarta, babu wunin soro. A ɗakinta za ta zauna, mata masu ta'aziyya su cika shi maƙil, a ƙarƙashin wannan kwanon, a tsakiyar zafin Gumel.

Ya ce, "Ita ba za ta yi magana ba. Za ta zauna ne har ciwon kan ya kayar da ita, ku binne mu biyu a shekara ɗaya."

Na sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga a kan wandona. Ya ce in bar wannan, ba lokacinsa ba ne. Sai ya kafa mini sharaɗi. "Kada ka gaya mata. Kuma kada ka gaya wa wancan."

Wancan ɗin yayana ne. Haka iyayenmu suke kiransa. Tsakanin uba da ɗan fari a gidajenmu akwai kunyar da ba ta barin irin wannan magana ta shiga, gaisuwa ce da umarni da sa albarka, shi ke nan. Bayan haka kuma, gaya masa daidai yake da a ce masa gidan da ya zuba duk abin da ya mallaka a ciki ba ya zaunuwa. Mahaifina ba zai iya ba. Shi ya sa kayan suka faɗo a kaina, ni da ko kaza ban taɓa gina wa akurki ba.

Matsalar farko ƙasa ce. Duk wanda ya san yankinmu ya san rairayi ne, in ka dunƙula shi ka saki sai ya watse. Ƙasar gini sai an je nesa da jakuna. Na kawo wannan ƙorafin, mahaifina ya nuna bayan gida da haɓarsa. Ya ce ga ƙasar da kakanmu ya yi gini da ita can a jibge, awaki suna hawa. Ƙasar da ta taɓa zama bango ba ta lalacewa, in aka jiƙa ta aka sake cuɗa ta har ta fi sabuwa.

Ya aika aka kira wani tsohon abokinsa magini, wanda tun da bulo ya shigo gari aikinsa ya koma gyaran rumbu da katangar makwabta. Da ya ji abin da ake so sai ya yi dariya ya ce, "Alhaji, kowa yana gudun ƙasa kai kana komawa?" Mahaifina ya ce, "Ai dukanmu can muka nufa." Suka yi dariya su biyu. Ni ban iya ba.

Aka fara aiki da shigowar ɗari. Aka farfasa tsohuwar ƙasar, aka tsince duwatsu da tsummokara, aka zuba ruwa, aka haɗa da yankakkiyar ciyawa da kashin doki, ma'aikata suka shiga da ƙafa suna tattakawa. Sai a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake jiƙawa a sake tattakawa. Ruwa kansa aiki ne, don rijiyoyinmu suna da zurfi, ga shi ba a daɗe da fita daga shekarun fari ba. 'Yan garuwa suka yi ta safa da marwa. Bayan nan aka dunƙula tubali, mai faɗin gindi da tsinin kai, aka jera a rana ya bushe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ginin ƙasa ba ya karɓar gaggawa. Magini zai jera 'yan layuka ya lulluɓe su da laka, sai ya wanke hannu ya ce sai sun sha iska. Duk Asabar in na dawo, sai in ga bango ya ƙaru da kaɗan, mahaifina kuma ya ragu da yawa. Ina kan keke a hanyar Gagarawa ba abin da nake aunawa sai waɗannan biyun, wanne zai riga wani. Ran nan na kasa daurewa na ja maginin gefe na ce a ƙaro mutane, a riƙa ɗorawa safe da yamma. Ya ce, "Ɗana, in na ɗora ɗanye a kan ɗanye zai zauna ya tsage. Shi da ya ba ni aikin ya san haka." Na koma na zauna ina hararar bango kamar ɗalibin da ya ƙi gane darasi.

Mahaifina kuwa kullum da hantsi sai ya sa a fito da shi tsakar gida a shimfiɗa masa tabarma inda zai riƙa gani. Ba ya iya cin abinci sosai, amma yana iya cewa a ƙara kauri a bangon yamma, a ɗaga tagar sama don iska mai zafi ta samu hanyar fita, a juya ƙofa ta kalli arewa. Mahaifiyata tana wucewa da ƙwarya ko tsintsiya, tana harkokinta. Duk unguwa an san Alhaji yana gina wa kansa ɗakin jinya.

Bango ya kai ƙirji lokacin da yayana ya zo daga Kano. Babu wanda ya sanar da shi. Ya shigo da fara'arsa da ledar magani a hannu, sai ya yi turus. Ga tulin laka a tsakar gidan da ya sa aka shafe da siminti, ga warin kashin doki, ga ɗakin ƙasa yana tashi a kusurwa. Ya gaida mahaifinmu yadda ya saba, sannan ya ce, "Baba, da an gaya mini ana bukatar ɗaki ai da na turo bulo."

Mahaifina ya ce, "Na ƙasa nake so."

"To ko a bari in turo siminti a shafe bayansa, ya dace da sauran gidan. Mutane za su ce muna da hali mun mai da kai cikin laka."

"A'a. Siminti ba ya zama da ƙasa. Zai riƙe ruwa a bayansa, bango ya ruɓe daga ciki ba a sani ba. Makuba za a sa, ta ɓawon ɗorawa." Ya ɗan huta, sannan ya ce ba tare da ya dube shi ba, "Ka yi mana gida, Allah ya yi maka albarka. Ɗaki ɗaya ne kawai."

Yayana ya ce to. Amma da muka fita waje ya tsare ni a jikin katanga. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Kai kake nan kusa. Gaya mini gaskiya, gidan ne bai yi musu ba?" Na ce ba haka ba ne, Yaya, sha'awa ce irin ta marar lafiya. Ya ce, "Kai ma ka koyi ɓoye mini magana." Ya shiga mota ya koma Kano ko abincin da aka zuba masa bai taɓa ba. Ranar na ji haushin mahaifina, na ji haushin kaina, na ji haushin bangon ma.

Na ɗauka fushin zai daɗe. Ba a yi nisa ba sai ga wata babbar mota ta tsaya a ƙofar gida ɗauke da azara, tsofaffi baƙaƙe masu nauyi, irin waɗanda gara ta gwada ta haƙura. Ashe yayana ne ya ji ana rushe wani tsohon gida a cikin birni za a yi na bulo, ya je ya saye azarar duka. Direban ya ce an ce a faɗa mana, tunda ƙasa Baba yake so, a yi masa mai kyau. Da aka gaya wa mahaifina sai ya juya fuska bango, ya daɗe bai juyo ba.

A makon da ake shirin ɗora rufi ne mahaifiyata ta kira ni madafa in ɗauki furar ma'aikata. Na sunkuya zan ɗauki ƙwaryar sai ta ce, tana ci gaba da goge ludayi, "Ka gaya wa mai ginin nan kada ya ɗaga dokin ƙofar da yawa."

Na ce, "Inna, ai Baba ɗaukarsa ake yi, ba zai dame shi ba."

Ta ce, "Na sani. Gwiwata ce ba ta son tsallake."

Na tsaya da ƙwarya a hannu na kasa motsi. Ba ta dube ni ba. Ta ce in yi sauri kada furar ta tsinke. Ban san tun yaushe ta gane ba, kuma ban taɓa tambayarta ba har ta bar duniya. Na dai fita na isar da saƙo, aka rage dokin ƙofa.

Aka jera azara, aka shimfiɗa zana a kai, aka bi da ƙasa, aka kafa indararo. Aka yi yaɓe ciki da waje, aka shafe da makuba har bangon ya yi duhu yana sheƙi. Saura daɓe, wanda aikin mata ne. Matan unguwa suka taru da madaɓansu, amma saboda akwai marar lafiya a gida sai suka fara bugu shiru, abin da ban taɓa gani ba. Mahaifiyata ta leƙa ta ce, "Haba, daɓe babu waƙa? Ku yi mana, mai gidan yana ji." Suka ɗauka a hankali, daga baya ta yi ƙarfi. Ina zaune kusa da mahaifina na ga yatsunsa suna bin bugun a kan tabarma.

Kafin ɗakin ya gama bushewa ɗari ya janye, zafi ya fara shigowa. A lokacin mahaifina ya daina fitowa. Yana kwance a ɗakinsa na kwano, numfashi yana yi masa wuya, gumi yana jiƙa matashi. Muna jiƙa zane muna shimfiɗa masa, ƙannena suna karɓa-karɓa da mafici. Yayana ya ɗauki hutu ya dawo gida. Ni ma na nemi izini a makaranta.

Ranar da magini ya shiga ya shinshina ɗakin, ya dafa bango ya ce ya bushe, yayana bai jira komai ba. Ya ce a mai da Baba yanzu. Muka je muka gaya masa, ya ce to, a kai shi ya gani.

Bayan azahar ne, rana tana tsakiyar dukanta. Muka ɗauke shi a tsakaninmu, ba shi da nauyin komai. Muna tsallake ƙofar nan sai ka ce an zuba mana ruwan randa. Duhu-duhu, shiru, ga ƙanshin sabuwar ƙasa. Muka kwantar da shi a kan tabarma. Na ga ƙirjinsa ya daina wannan hawa da sauka na wahala. Ya lumshe ido ya ja numfashi mai tsawo, irin wanda ya daɗe bai samu ba. Ya miƙa hannu ya shafa bangon, ya ce, "Masha Allah. Ya yi."

Muka tsaya muna jin daɗi. Na fara tunanin ko ya canza shawara. Can sai ya buɗe ido ya ce, "To, ku mai da ni."

Yayana ya ce, "Ina, Baba? Ai don kai aka yi shi."

"Ku mai da ni ɗakina."

Sai muka ji muryar mahaifiyata daga bakin ƙofa. Ban san tana tsaye ba. A iya sanina ba ta taɓa sa baki a maganar mahaifinmu a gaban yayana ba, amma ranar ta sa. Ta ce, "Alhaji, don girman Allah ka zauna. Ko na kwana biyu ne ka samu sauƙin numfashi."

Ya juya kai wajenta. Ya ce, "Ke, na san ki fa. In aka yi mini wanka a ɗakin nan, aka fitar da ni ta ƙofar nan, duk sanyinsa ba za ki ƙara runtsawa a ciki ba. Ki bar shi ya zama babu ni a ciki."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba ta yi gardama ba, don ta san gaskiya ya faɗa.

Na dubi yayana. Ya dubi mahaifinmu, ya dubi mahaifiyarmu, ya dubi ni. Na ga lokacin da maganar ta isa gare shi gaba ɗaya, da ɗakin, da wunin gidan yayarta, da abin da na ƙi gaya masa a jikin katanga. Ya sunkuya ya sa hannu a ƙarƙashin kafaɗun mahaifinmu, ni na kama ƙafafu. Muka fito da shi daga sanyin nan muka ratsa rana muka mai da shi ƙarƙashin kwano. A rayuwata ban taɓa ɗaukar abu marar nauyi da ya yi mini nauyi irin wannan ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Yayana ya cire rigarsa ta ma'aikata ya hau kan rufin, ya shimfiɗa zana da karan dawa a kan kwanon ɗakin Baba, yana sa ana miƙo masa ruwa yana yayyafawa. Tafin ƙafarsa duk ya ƙone. Zafin ɗakin ya ɗan ragu, amma kaɗan. Ga ɗaki mai sanyi can a kusurwa a rufe babu kowa, ga mahaifinmu nan yana haki. Sau biyu na sake roƙonsa, sau biyu ya girgiza kai. Wata safiya da hantsi Allah ya karɓi abinsa, da kalmar shahada a bakinsa. A ɗakin kwanon aka yi masa wanka. Da muka dawo daga maƙabarta, mun tarar ƙannena sun riga sun kai tabarmar mahaifiyarmu da butarta sabon ɗakin.

Bazarar shekarar ta yi zafi ƙwarai. Ta yi takabarta lafiya, ciwon kan bai kayar da ita ba ko sau ɗaya. Ta rayu shekaru masu yawa bayan nan, kuma ba ta koma ɗakin bulo ba. Duk shekara kafin ruwa ya sauka yayana ne yake turo a yi yaɓe, bai taɓa bari na riga shi ba.

To ga mai tambayata, ni ba na zagin bulo. A gidan bulo nake zaune yanzu, in an ɗauke wuta in fito waje ina fifita da jarida kamar kowa. Ƙasa ma tana da wahalarta, in ba za ka iya kula da ita duk shekara ba kada ka fara. Abin da na koya kawai shi ne, kafin ka zaɓi abin da za ka yi bango da shi, ka zauna ka tuna wanda zai wuni a cikin ɗakin lokacin da kai ka fita, wanda ba shi da inda za shi, kuma ba zai buɗe baki ya ce maka yana shan wuya ba. Mu muna kallon gidan ne daga ƙofar gida. Mahaifina yana kwance yana mutuwa, amma ya fi mu sanin abin da ake ciki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa wata rana ce bayan an yi sadakar bakwai, baƙi sun fara raguwa. Da azahar ni da yayana muka je duba ta. Muka yi sallama a hankali ba a amsa ba. Gabana ya faɗi, na ɗaga labule. Tana kwance a kan tabarma, carbi a hannu, tana barci, numfashinta yana tafiya daidai. Tun da aka gina gidan nan ban taɓa ganin ta yi barcin rana a cikinsa ba. Yayana ya janye ni ya saki labulen. Ya zauna a ƙasa a bakin ƙofar, cikin 'yar inuwar bango, hawaye suna bin gemunsa bai share ba. Duk matar da ta shigo yin ta'aziyya sai ya miƙe ya tare ta tun daga tsakar gida, ya rage murya ya ce, "Ku yi haƙuri, ku dawo da la'asar. Ta samu barci."